Littattafan Malam Abdullahi na Gwandu suna nan, gano su ne aiki

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu kula da laburarorinmu na jihar Kebbi.

Ɗalibi zai tashi neman rubuce-rubucen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinshi ke nan Gwandu, sai ya tarar wani katalog ya sa Abdullahi bn Fodiyo, wani Abdullahi Gwandu, ga na Larabci daban ga kuma yadda Turawa ke rubutawa, ita ko kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta kawo rabi ta bar rabi. Littattafan ma warwatse suke, wasu Sakkwato, wasu Arewa House a Kaduna, wasu Ibadan, wasu na cikin gafakar malamai a zaure. Yaro ya ƙare kuɗin mota yana neman littafin Malam, Tazyinul Waraƙat, alhali wataƙila akwai kwafi a unguwarsu.

To maganin abin ba sabo ba ne. Tun 2006 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya fito da ƙa'idar ɗaure bayanai da juna. Kowane marubuci, kowane littafi, kowane gari a ba shi adireshi guda a intanet, kamar dai lambar NIN, ko yaya ka rubuta sunan lambar ba ta canzawa. Sannan a riƙa shigar da bayani gajere gajere yadda na'ura za ta gane: wane ya rubuta littafi kaza, littafi kaza yana laburare kaza, wane almajirin wane ne. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni wallahi, don silsilar malamanmu dama haka take, daga Malam Abdullahi sai ka bi zare har ka kai ga waɗanda suka yi karatu gabanshi.

Laburaren ƙasa na Faransa ya buɗe nashi irin wannan tsarin a 2011, na majalisar Amurka kuma yana ta aikin BIBFRAME, sabon tsarin katalog irin wannan, don ya maye MARC, tsohon tsarin da ake amfani da shi tun shekarun 1960.

Na san za a ce ina wuta ina kuɗi, wasu ma har yau katin kwali suke jawowa daga durowa. Gaskiya ne. Amma Wikidata, rumbun irin waɗannan bayanai a intanet, kyauta ce tun 2012, tana karɓar Hausa da Larabci, da waya ma ana shigarwa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero su zauna da masarautar Gwandu, a ba ɗaliban sashen laburare aikin a matsayin furojet, a fara da littattafan Malam Abdullahi kawai tukuna.

Naku,
Wani malamin makaranta, Birnin Kebbi