Sanarwa kan tallafa wa ƴan sandan sa-kai na unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan rukuni.

Kwamitin unguwa ya yanke shawarar buɗe asusun tallafi ga ƴan sandan sa-kai, waɗanda aka fi sani da kwansitabulari, da ke taya ofishin ƴan sanda na yankinmu sintiri. Dokar Ƴan Sanda ta 2020 ta amince da aikinsu, amma ba su cikin jerin masu karɓar albashin wata, kuma yawancinsu teloli ne, makanikai da ƙananan ƴan kasuwa da ke rufe shago da magariba su sanya kaki.

Duk wanda ya fito sallar asuba a cikin hunturun nan ya gan su a bakin kwalbati, sun kewaye ƴar wutar kara, takalmin wani ya tsage har yatsa na leƙowa. Ni dai abin ya tsaya mini a rai.

Abin da za a fara saya shi ne rigunan sanyi, takalma da tocila, sauran kuɗin kuma a ajiye domin maganin wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Muna roƙo kada kowa ya miƙa musu kuɗi hannu da hannu a kan titi, domin hakan na iya kama da cin hanci ya zubar musu da mutunci. A ba ma'ajin kwamiti, a karɓi rasit. Za a miƙa kayan a gaban mai unguwa da DPO, wato shugaban ofishin ƴan sanda na yankinmu, sannan a kawo lissafin nan rukuni.

Allah Ya saka da alheri.