Zuwa ga ƙawata a Landan

Assalamu alaikum. Ya maigidan da yara? Tun ƙaramar sallah ban ji ɗuriyarki ba, ko sanyin Landan ne ya daskarar miki da yatsu? Ni dai yau na kasa haƙuri.

Autarmu ta sauka ranar Talata, an samu namiji. Sai dai naƙudar ta yi tsawo, kwana biyu tana gida kafin a kawo ta asibiti, yaron ya faɗo bai yi kuka ba. Sai da aka yi ta hura masa iska kafin ya motsa, daren farko kuma ya kwana yana jijjiga. Yanzu alhamdu lillahi ya fara kama nono. Jiya ina ɗora masa na'urar sikanin a maɗiga, Inna ta kamo gefen hijabina ta ce, "Ke ce likita, gaya min gaskiya, zai yi tafiya?" Wallahi bakina ya yi nauyi. Kin san sikanin maɗiga, zubar jini da taruwar ruwa yake nunawa da kyau, raunin rashin iska kuwa sau da yawa ɓuya yake masa.

Shi ya sa na raba dare ina karanta aikin Farfesa Mary Rutherford ta King's College ɗinku. Tun 1998, tana asibitin Hammersmith, ita da abokan aikinta suka nuna wani ɗan siririn wuri can cikin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin da ke motsa hannu da ƙafa suke bi. In hoton MRI, na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ya nuna wurin ya taɓu a jaririn da ya cika watanninsa, da wuya ya tsira daga nakasa. In lafiyarsa ƙalau, akasari yaro zai taka. Amsar tambayar Inna ke nan fa, tana kwance a takarda shekara da shekaru! Har ɗan tayi suke ɗauka a ciki, duk mutsu-mutsunsa, kwamfuta ta harhaɗa hoton.

A 2010 kuma ta nuna, da hotunan jariran wani gwajin sanyaya jarirai mai suna TOBY, cewa sanyaya jikin jariri na awa 72 yana rage raunin. Na yi ta cizon yatsa ba mu sanyaya namu ba, sai na ci karo da gwajin HELIX na 2021, jarirai 408 a Indiya da Sri Lanka da Bangladesh. Can sanyayawar ba ta yi amfani ba, waɗanda aka sanyaya ma sun fi mutuwa. Hankalina ya ɗan kwanta, amma abin ya tsaya min a rai. Abin da aka gano a kan jariran Ingila ba lalle ya hau kan namu ba, sai mun ɗauki hoton namu mun gani da idonmu.

Af, mutuniyarki ta Jekadafari ta tare, kuma wanda kika rantse ba zai yiwu ba ɗin ne. Goggo kuwa tun yanzu ta tayar da rigimar ragon suna.

Don Allah ki bincika min ƙaramar na'urar MRI ɗin nan ta Hyperfine, wadda ake turawa har bakin gado a jona ta a soket. Shin hotonta yana fito da wannan siririn wurin a jariri? Kada ki bari sai babbar sallah.

Ki sa shi a addu'a. Inna na gaishe ki.

Taki,
daga Gombe