Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya tantance ƙwallon Mickey Mantle da na saya

Zuwa ga Manaja,

Yallaɓai, bayan gaisuwa. Jiya na sake kiran layinku, waya ta yi ta ƙara har ta katse. Shi ya sa na fito da maganar nan fili, kowa ya gani.

A bara na sayi ƙwallon besbol mai ɗauke da sa hannun Mickey Mantle, tsohon tauraron ƙungiyar Yankees ta New York, a hannun wani dillali, dala 850. Ɗana na saya wa, yaron da ya tashi a Bronx yana jin ihun filin Yankees daga taga. Takardar shaidarku ce ta sa na zaro kuɗin, da sitikarku mai ƙyalli da ke manne a jikin ƙwallon, da lambar da na duba a rajistarku ta fito daidai.

A farkon shekarar nan na kai ta wajen masu gwanjo su ƙiyasta mata kuɗi saboda inshora. Mutumin bai ko tsaya kan sa hannun ba. Juya ta ya yi, ya ɗora yatsa kan tambarin da Rawlings, kamfanin da ke yin ƙwallon, ke bugawa, inda aka rubuta Allan H. Selig, kwamishina, wato shugaban babbar gasar besbol a lokacin. Mantle ya rasu a watan Agustan 1995. Ƙwallo mai sunan Selig sai a 2000 aka fara amfani da ita a wasannin lig na yau da kullum. Kafin nan kowace lig da tata ƙwallon da sunan shugabanta, shi ya sa waɗanda Mantle ya riƙa sa wa hannu a shekarunsa na ƙarshe galibi sunan Bobby Brown, shugaban lig ɗin da Yankees ke ciki a lokacin, ke jikinsu. Yallaɓai, ta yaya mamaci ya sa hannu a ƙwallon da ba a ɗinka ba sai bayan shekara 5 da binne shi?

Na aiko muku da hotuna, na sake aikowa, shiru. Ranar 4 ga Maris, ƙarfe 2 na rana, wata ma'aikaciyarku ta ɗaga waya. Ta ce takardarku ra'ayi ce kawai, babu garanti a cikinta, in ina son a sake dubawa in biya dala 75 da kuɗin aikawa. Na karanta mata shekarun nan biyu, 1995 da 2000. Ta ce ita ba malamar tarihi ba ce, ta ajiye waya ina cikin magana. Wallahi wannan ya fi asarar kuɗin ƙona mini rai.

Kun fi ni sanin cewa a 1999 hukumar FBI ta yi samame kan masu jabun sa hannu a binciken da ta kira Operation Bullpen. Sunan Mantle na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma jabun da takardun shaida yake yawo. Duk ƙwallon da ta zo teburinku da sunansa ta cancanci a juya ta a karanta tambari kafin a duba tawada.

Ina neman ku biya ni dala 850, ku soke lambar nan daga rajistarku, domin har yau tana nan tana cewa ƙwallon ta gaske ce. Sannan ku janyo duk abin da ya bi ta hannun wanda ya duba tawa, ku sake dubawa a kuɗinku, ku sanar da masu su. In abin da ke rubuce ƙuru-ƙuru ya wuce ku, to sitika kuke sayarwa, kuna karɓar kuɗin mutane da sunan tantancewa. Ƙorafina na gaba ofishin babban lauyan jihar New York zai nufa, da hotunan da kwafin takardarku.

Naku,
Wani mai saye daga Bronx