Wasiƙa Kan Ɗan Amadilon Ajantina

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya fama da aiki? A gaishe min da su Mama da kyau. Kwana biyu shiru, to yau dai ga ni da labarin wata halitta da ta tsaya min a rai, tunda na san yadda kake son dabbobi.

Akwai wani ɗan amadilo, wato wata dabba mai ɓawo a baya da ke tona rami, a tsakiyar Ajantina, wajajen Mendoza da San Luis da La Pampa, mutanen can suna ce masa pichiciego, shi ne mafi ƙanƙanta a duk danginsu. Tsawonsa santimita 9 zuwa 11 ne in ba a haɗa da wutsiya ba, nauyi kuma wajen giram 120, tafin hannunka ma ya ishe shi kwanciya. Tun 1825 wani masanin halittu, Richard Harlan, ya rubuta bayaninsa amma har yau tsiraru ne suka taɓa ganinsa da rai.

Ɓawon bayansa ne ya fi ba ni mamaki wallahi. Ruwan hoda ne, kuma jini ne ke ba shi wannan launin, don siririn ɓawo ne mai laushi da jijiyoyin jini suka cika shi, in zafi ya yi yawa jini ya kwararo ciki jiki ya huce, in sanyi ne kuma jinin ya ja baya har launin ya dushe. Ka ga kenan da ɓawon yake daidaita zafin jikinsa. Bai ma manne da jikin duka ba, ta layin ƙashin baya kawai yake haɗe, in ka ɗaga gefensa farin gashi ne lallausa a ƙasa.

Idanu 'yan mitsi-mitsi, kunne ba ka ganinsa, amma faratan gaba manya ne sosai har tafiya a kan ƙasa mai tauri tana yi masa wuya. A yashi kuwa kafin ka ce kwabo ya nutse. Can ƙarshen bayansa akwai wani faffaɗan ƙashi a tsaye, yana tona gaba sai ya ja da baya ya danne ƙasar da ya tono da shi, ramin ya toshe a bayansa. Tururuwa da tsutsotsi yake ci, da ɗan saiwoyi, da dare.

Abin da ke damuna shi ne in ruwan sama ya cika raminsa dole ya fito, gashin ya jiƙe sanyi ya kama shi, ga karnuka da kyanwoyi, ga garmar manoma tana farke ramukan. Mutane kuma su tsince shi su kai gida don sha'awa, yawancin dabbobin kwanaki kaɗan suke yi su mutu. Ni dai a ganina wanda ya tsince shi ya mayar da shi yashinsa kawai. Ita kanta IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, cewa ta yi bayanan da ake da su ba su isa a faɗi halin da yake ciki ba.

Don Allah ka nemi hotonsa a intanet ka duba faratan nan, sannan ka rubuto min.

Naka amini.