Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi Kan 'Ya'yanmu Masu Komawa Kurkuku

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu iyaye da masu sana'ar hannu na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Sawaba ne muka kawo kuka. 'Ya'yanmu suna shiga kurkukun Adum, su gama wa'adi su fito, kafin shekara ta zagayo an sake tasa ƙeyarsu.

Ba ma wanke mai laifi. Amma yaron da ya saci waya a kasuwar Kejetia, ko wanda aka ci shi tara ya kasa biya, idan aka kwantar da shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɗan fashi, wane karatu zai ɗauko? Ga cunkoso, ga yunwa: fiye da shekara 10, har zuwa 2025, kuɗin abincin fursuna a yini ya tsaya a sidi 1.80. Ranar fitowa kuwa ta fi ciwo. Ba jari, ba sana'a, maigidansa na da ya ce ya cike gurbinsa, gidan da ya nemi aure an rufe ƙofa. Masu yi masa maraba su ne abokan tiramol ɗin da suka kai shi. A nan laifin namu ne, mu mutanen unguwa.

Ranka ya daɗe, muna roƙo ka tara iyayen gida na garejojin Suame Magazine, da teloli da kafintoci, kowa ya karɓi yaro ɗaya, mai unguwa da liman su tsaya masa. A nemi izinin hukumar gidajen yari su fara ganin yaran tun suna ciki, kada a jira sai sun fito. A kuma ware wani abu daga sadakar masallatan Juma'a don biyan ƙananan tara.

Gidajen yari suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma a 2025 ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, ya zama ministanta. Muryar Sarki za ta isa can, ta isa fadar Otumfuo, Sarkin Asante. A faɗa musu muna son mai ƙaramin laifi ya biya da aikin gayya, yasar kwata ko sharar kasuwa, yana kwana a gidan ubansa. Shirin Justice for All, wanda tun 2007 yake kai alƙalai cikin kurkuku don masu jiran shari'a, a yawaita zamansa a Kumasi.

Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Iyaye da masu sana'a na unguwannin Zongo, Kumasi