Godiya Ga Cibiyar Horaswar Da Ta Faɗa Mini Gaskiya A Jidda

Zuwa ga mudir da dukkan ma'aikatan cibiyar horaswa da ke Titin Madina, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a domin 'yan uwana Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina su ji. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shara Mansur, ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhaja don kamfanonin hidimar alhazai da masu Umra, irin ta rabon motoci da ɗakunan otal da lissafin abinci. Na zo wurinku neman horo da satifiket a kan tsarin Ajayil na tafiyar da aikin manhaja, wato yin aiki kashi-kashi ana gyarawa ana tafiya, kuma na samu duka biyun. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka karɓe ni.

Sai kun ji abin da na sha kafin in zo gare ku za ku gane nauyin abin da kuka yi mini. Tun da aka ƙaddamar da shirin ƙasa na 2030 a watan Afrilun 2016, harkokin Saudiyya suke ta komawa cikin waya. Igama, wato takardar izinin zama, a manhajar Absher, izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, ga Tawakkalna da kowa ya saba da ita tun lokacin korona. Kamfanoni suka shiga neman masu iya jagorantar aikin manhaja, kuma kusan kowace sanarwar ɗaukar aiki sai ka ga an rubuta sunan wata takardar shaida. Nan take masu sayar da takarda suka cika gari. Wani wuri ya karɓi kuɗina, aka tara mu a zauren otal, wani mutum ya yi ta karanta mana abin da ke jikin allo har aka tashi, sannan aka miƙo mana takarda mai ruwan zinariya a gefe. Ranar da na gabatar da ita wurin neman aiki aka ce mini shaidar halarta ce kawai, babu wata hukumar duniya da ta san da ita. Wani kuma ta WhatsApp ya same ni, ya ce in biya ya turo mini tambayoyin jarrabawa, in ma na ƙara wani abu akwai wanda zai zauna a madadina. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wurin da ma'aikacin ya tambayi ƙasata tun kafin ya tambayi sunana, da ya ji amsa sai ya mayar da kansa ga kwamfutarsa ya bar ni a tsaye. Duk baƙar fata mai riƙe da igama a ƙasar nan ya san irin wannan tsayuwa, ko da a Misfala aka yanke masa cibiya.

Da wannan ɗacin a zuciya na shigo ofishinku. Saurayin da ke teburin rajista, ɗan ƙasa ne, a haife na kusa haifarsa, ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce bismilla ustaz, ya sa aka kawo gahawa. Tambayarsa ta farko ita ce wane aiki nake yi, mu nawa ne a kamfanin, kuma me ke ba mu wahala. Na ce PMP nake so, takardar shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka, domin ita ce sunan da kowa ya sani, kuma na ga a jadawalinku kwas ɗinta ya fi kowanne tsada. Da wani wurin ne da tuni an miƙo mini na'urar cirar kuɗi. Shi kuwa sai ya jawo takarda ya fara yi mini bayani. Ya ce cibiyar PMI ta Amurka, mai bayar da PMP, tana neman mai digiri ya nuna ya yi wata 36 yana jagorantar ayyuka, ga awa 35 na horo, kuma tana iya tsamo mutum ta bincike abin da ya rubuta. Tunda yawancin shekaruna a rubuta manhaja na yi su, ba a jagoranci ba, ya ce lokacinta bai yi mini ba tukuna.

Daga nan ya bambance mini takardun Scrum guda biyu da na daɗe ina ruɗa su, Scrum kuwa ɗaya ce daga hanyoyin aiki da tsarin Ajayil. CSM ta Scrum Alliance ce, ba a samunta sai an zauna ajin malamin da su suka amince da shi, tambaya 50 ce a ci 37, kuma duk shekara 2 sai an biya an sabunta. PSM I kuwa ta Scrum.org ce, wadda Ken Schwaber ya kafa a 2009. Ta fi zafi, tambaya 80 cikin minti 60, ba a hayewa sai da kashi 85 cikin 100, amma in ka samu ka samu ke nan, babu sabuntawa. Sai ya faɗi maganar da har yau nake juyawa a raina. Ya ce PSM I ba ta wajabta shiga kowane aji ba, har namu. Jagoran Scrum da Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta kyauta yake a intanet, bugun Nuwamban 2020, 'yan shafuka ne ƙalilan, in ina da ƙoƙarin karatu ni kaɗai zan iya riƙe kuɗina. Ya ƙara da cewa 'yan ƙasa suna da asusun Hadaf da ke mayar musu da kuɗin irin waɗannan takardu in sun ci, ni kuwa daga aljihuna zan biya, don haka in yi lissafi da kyau.

Wallahi na yi shiru ina kallonsa. Ma'aikacin da aka ajiye don ya sayar da kwas, shi ne yake nuna mini hanyar da ba sai na saya ba! Ya mudir, ban san ko kai ka hore shi a kan haka ko tarbiyyar gidansu ce ba, amma ka riƙe wannan yaro da kyau. Saboda maganarsa na yi rajista a take, domin wurin da ya faɗa maka gaskiya a kan kuɗi zai faɗa maka ita a kan ilimi.

Sauran lamura sun tafi daidai. Lasisinku na hukumar horon fasaha da sana'o'i yana rataye inda kowa zai gani, rasit ya fito da harajin kashi 15 a fili ba tare da wani ƙarin ɓoye ba, ajin yamma ne bayan tashi daga aiki, ana tsayawa sallar Magariba da Isha. Tun ranar farko aka gaya mana takardar da za ku ba mu ta halarta ce, satifiket na ainihi daga Scrum.org zai fito, kuma kowane mai ɗaukar aiki zai iya duba sunan mutum a rajistarsu.

Malaminmu ɗan Sudan ne daga yankin Sinnar, kusa da Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da ya ji ni ina waya sai ya ce mini sannu da aiki da Hausarsa ta bakin Nilu. Bai ɓata lokaci a kan tarihi ba. Ya ce mutum 17 ne suka taru a Snowbird ta jihar Yuta a Fabrairun 2001 suka fitar da manufofin Ajayil guda 4, daga baya aka kammala ƙa'idoji 12, cikin manufofin har da fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardun bayani, da fifita karɓar sauyi a kan naniƙe wa tsarin da aka zana tun farko. Ya ja kunnenmu cewa fifitawa suka ce, ba su ce a watsar da rubutu da tsari ba, kuma da yawa masu iƙirarin Ajayil sakaci kawai suke yi suna fakewa da sunan.

Na tambaye shi abin da ke damuna. Ranar 8 ga Zulhajji ba ta matsawa don wani bai gama aiki ba, to ina amfanin tsarin da ke cewa a riƙa sauyawa? Mu a da muna karɓar buƙatun kamfani a Muharram, mu kulle kanmu, sai Shawwal mu kai musu, a lokacin ƙa'idoji sun sauya, su ma ra'ayinsu ya sauya. Tamkar telan da ya karɓi yadi a farkon azumi bai kira ka gwaji ba sai daren Sallah. Malam ya ce ai irin aikinmu ne ya fi buƙatar tsarin. In rana ba ta motsi, yawan aikin ne zai motsa: a jera buƙatu daga mafi muhimmanci, mutum ɗaya ne ke da hurumin wannan jeri, a yanka lokaci zango-zango, kowane zango kada ya wuce wata guda, a ƙarshensa a nuna wa mai kaya abin da ke aiki ya taɓa da hannunsa. In lokaci ya ƙure, abin da ya rage shi ne marar nauyi. Na zauna jarrabawar PSM I da Turanci, Allah ya ba ni sa'a. A ofishinmu yanzu zangon mako 2 muke yi, taron safe na minti 15 kuma ya daina zama wurin kai rahoto ga mudir, ya koma na masu aikin suna daidaita wuninsu.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne yaranmu. Akwai samari da 'yan mata Hausawa haifaffun nan, masu Larabci kamar ruwa, masu kaifin ƙwaƙwalwa, da iyayensu mata ke tara riyal-riyal daga sayar da abinci don a biya musu kwas, a ƙarshe a sallame su da takardar da ba ta buɗe ƙofar kowa. Waɗannan wurare sun san bambancin halarta da ƙwarewa sarai, da gangan suke cakuɗa su. Mai sayar da tambayoyin sata kuwa cutar da yake yi ta wuce mai saye, domin wanda ya ci da haka shi za a damƙa wa manhajar da ke raba motocin tsofaffi a Mina. 'Yan uwa a Kano da Yamai ma irin kukan da suke yi mini ke nan, tallar ta fi karatun yawa.

Ina da roƙo guda gare ku. Da yawa cikin yaran nan Turancin jarrabawa ne ke kayar da su, ba fahimtar aikin ba. Ku duba yiwuwar buɗe musu wani zama na musamman a kan wannan, in da hali a Makka, ko da ranar Asabar kaɗai, har da ajin mata. Ni zan kawo muku su da kaina.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa wannan saurayi da iyayensa albarka, ya kawo wa ƙasar malaminmu zaman lafiya.

Wassalam,
Ɗan uwanku daga Shara Mansur, Makka.