Kada faya-fayan garmahon iyayenmu su ƙare a bola

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ya tsaya mini a rai. Ni mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada. A watan jiya wani yaro ɗan jari-bola ya ratso ta gaban shagona da baro, sai na hango faya-fayan garmaho guda bakwai a kan tarkacen ƙarafa, rana tana dukansu. Ban yi ciniki ba, na biya shi yadda ya ce. Uku sun lanƙwashe, ɗaya ya tsage gida biyu. Ya ce daga wani gida aka kwaso su bayan rabon gado. Magada sun raba komai, amma babu wanda ya ga dukiya a cikin waɗannan.

Ban ga laifinsu ba, domin ni ma na yi ɓarnar da ta fi tasu. Da mahaifina ya rasu na gaji akwatinsa na faya-fayai, na ɗauko wanda ya fi so na goge shi da sifirit don ya yi ƙyalli. Fuskar faifan ta yi laushi, ta kama auduga, muryar da ke ciki ta tafi ke nan. Daga baya na gane cewa tsofaffin nan masu nauyi, masu juyi 78 a minti ɗaya, da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasashe irin su Indiya, kuma sifirit narkar da shi yake yi. Masu juyi 33 da 45, waɗanda suka fito a Amurka a 1948 da 1949, su ne na roba, su kuma zafi ne abokin gabarsu.

Ga wanda ke da su a gida, don Allah a tsayar da su a tsaye cikin rigunansu, nesa da rana da jikin kwano. Ƙurar hunturu a share ta da buroshi mai laushi, ana bin zagayen layin faifan. Kada kuma marmari ya sa a ɗora faifan roba a kan tsohon garmaho wanda ake murzawa da hannu: kansa yana da nauyi, allurarsa ta ƙarfe mai kauri ce, sau ɗaya ya isa ta kankare waƙar.

Kwafe su bai kai wahalar da ake zato ba. Injin faifai na lantarki mai hannu marar nauyi, da allurar da ta dace da irin faifan, da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sauti, sai waya zuwa kwamfuta. Ina amfani da manhajar Audacity, kyauta ce. Nakan ajiye sautin farko a WAV, tsarin da ba ya rage komai, yadda ya fito, da ƙaraf-ƙaraf ɗinsa, sannan in yi wa kwafinsa shara in mai da shi MP3 saboda waya. Mai yawan shara yakan kwashe har da zaƙin kalangu. Nakan kuma ɗauki hoton tambarin tsakiya, inda sunan mawaƙi da kamfani da lamba suke.

Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Su an san su, ana jin su a waya. Wanda nake jiye wa shi ne makaɗin da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti sau ɗaya a rayuwarsa, ya bar minti uku a kowace fuska, jikokinsa ma ba su taɓa jin muryarsa ba.

Roƙona ga Arewa House, cibiyar adana tarihi, da Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ke ɗaukar muryoyin makaɗanmu tun 1962, su ware ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya, a yi shela jama'a su kawo, a kwafe, a mayar wa mai abu abinsa tare da sautin. In ana bukatar mai gyaran inji, ni zan zo ran Asabar ba tare da an biya ni ba.

Ukun da suka tsira daga baron yaron nan na kwafe biyu. Na ukun 78 ne, yana jiran allura.

Wassalam.

Daga mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Kaduna